Maganar Inna da Na Ɓoye wa Likita

Da sunan Allah nake farawa, Shi da Ya ba mu Inna, Ya kuma karɓi abarsa. Sunana Ramatu. Ina aure a Gusau, karatuna iyakarsa sakandare. Wata biyar ke nan da rasuwar mahaifiyata. Na rubuta wannan ne saboda masu jinyar iyayensu, musamman waɗanda tsohuwarsu ba ta da Hausa sosai, su ne bakinta a gaban likita. Ni na zama bakin Inna mako goma sha ɗaya, kuma ban isar da abin da ta ce ba.

Mu Fulani ne, rugarmu tana ƙasar Tsafe. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Cikin 'ya'yan Inna mu biyu muka rayu: Hamma Umaru, ɗan farinta, sai ni. Shekara biyu kafin abin da zan faɗa, ɓarayin daji suka kore shanunmu, ko karsana ba su bar mana ba. Hamma ya koma dillancin awaki, Inna kuma tana sarar nono wajen waɗanda suka tsira da shanunsu, tana kaiwa kasuwa. A daji ana ce mana masu kai wa gari rahoto, a gari ana ce mana ɓarayi. Haka muka zauna a tsakiya.

Wanda ya zauna da Fulani ya san kunyar ɗan fari. Hausawa ma suna yi, amma tamu ta fi tsanani. Kakarmu ce ta yaye Hamma ta raine shi. Tun da na buɗe ido ban taɓa jin sunansa a bakin Inna ba. In za ta yi maganarsa sai ta ce “wancan”. In ya kawo tsaraba ni yake miƙa wa, ni in miƙa mata, alhali ga ta nan zaune. Amma duk abin da ta dafa, nasa take fara zubawa ta rufe.

Ranar kasuwar Tsafe, da la'asar sakaliya, suka shiga mota ɗaya za su koma gida, shi a baya cikin maza, ita a tsakiya da ƙwaryarta. Wasu mutane da bindigogi suka tare hanya. Ba zan ce su wane ne ba, don ban gani da idona ba. Suka duba fuskoki, suka sauke maza uku, dukkansu Fulani, suka ce wa direba ya wuce. Washegari Baffa Jauro, ƙanen mahaifinmu, ya samo gawar Hamma a bakin wani rafi. Mutum shida suka yi masa sallah. Ba a yi zaman makoki ba, Baffa ya ce taro zai jawo mana ido. Mutanen ƙauyen da ke kusa, waɗanda suka shekara talatin suna shan nonon Inna, mutum biyu ne suka zo gaisuwa, su ma a tsaye.

Inna ba ta yi kuka ba. Matan ruga suna ta yaba mata, suna cewa, “Goggo, kin nuna mana fulako.” Ni ma na yaba. Bayan arba'in rugar ta watse, matar Hamma ta tafi gidan iyayenta da yara, ni kuma na ɗauko Inna zuwa Gusau.

Mijina, Malam Lawali, Bahaushe ne, tela ne a kasuwa, kuma bai taɓa gaza wa Inna ba. Ranar da muka iso ya ja ni gefe ya ce, “Ramatu, unguwar ga kowa da kunnensa. In an tambaye ki, ki ce ciwo ya kawo ta. Kar ki tada maganar hanya.”

Na ce to. Kada a ɗora masa laifin nan shi kaɗai, na fi shi tsoro. An taɓa kiran ɗana ɗan ɓarayi a bakin famfo, kuma ba yara kaɗai ne suka yi dariya ba.

Makon farko Inna ta ce cikinta. In na kai mata tuwo sai ta yi loma biyu, ta rufe sauran da faifai, ta tura ƙarƙashin gado. Muka kai ta kemis. Mai kemis ya ce maleriya ce da taifot, ya yi mata allurai kwana biyar. Ba ta da zazzaɓi ko kaɗan, amma muka ce ai shi ya sani. Mako na biyu zanenta ya fara yi mata yawa.

A mako na uku muka je asibiti. Muna idar da sallar asuba muka fita, duk da haka mun tarar da layin kati ya kai bakin ƙofa. Sai da rana ta take muka samu benci. Matar da ke kusa da mu ta dubi kitson Inna da zanen fuskarta, ta ɗauke jakarta ta mayar ɗaya gefen. Wata kuma ta ce, yadda kowa zai ji, “Ashe su ma suna ciwo.”

Wata dattijuwa daga bayanmu ta ce, “Ke, ji tsoron Allah. Wagga ta haife ki.”

Allah Ya saka wa dattijuwar nan, ban san sunanta ba. Inna ta ji duka biyun. Tana da Hausar kasuwa, amma tun ranar motar ta daina yin ta, sai Fillanci.

Likitan matashi ne, a gajiye yake, amma ya gaishe ta da ladabi. Ya danna cikinta, ya duba idonta, sannan ya ce da ni, “Tambaye ta me ya sa ba ta cin abinci.”

Na tambaye ta. Kanta a sunkuye ta ce da Fillanci, “Wancan bai ci ba. Tun safe ya fita bai ci komai ba.”

Na ce, “Likita, ta ce in ta ci cikinta yana zafi.”

Ya rubuta. Ya sake ɗagowa ya ce, “Akwai abin da ya faru a gida kwanan nan? Rasuwa, ko wani tashin hankali?”

Ƙofar ɗakin a buɗe take, mutanen benci suna jin komai. Na ce, “Babu, likita.”

Ya ce gyambon ciki ne, ya rubuta magani. Ba zan ga laifinsa ba. Ya yi tambayar da ta kamata, ni na ba shi amsar ƙarya. Tsoro ne rabin dalili. Ɗaya rabin kuwa, sai na ji nauyin a ce mahaifiyata ta yi maganar ɗan farinta a gaban namiji baƙo. A ganina a lokacin suturta ta nake yi.

Daga mako na huɗu zuwa na shida muna ta maganin gyambon ciki. Inna ta daina barci. Da rana tana zaune a tabarma, fuskarta na kallon bango. In mai keke-napep ya taka birki a layinmu sai ta duƙe ta rufe kanta da hannu biyu. Abincin ƙarƙashin gado yana tsami, in na zo fitarwa ta bi hannuna da ido har in fita. Sau biyu muka koma asibiti, likita daban kowane zuwa, kuma duk sanda ta ce “wancan” ni sai in ce ciki, ko ƙirji, ko jiri.

Surukata, Hajiya Yalwa, ta zo dubiya da furar da ta dama da hannunta. Mace ce mai barkwanci. Ta zauna kusa da Inna ta ce, “Haba Bafulatana! Ke da ƙin nono? To lalle duniya ta zo ƙarshe. Sha mana, ko in je in faɗa wa shanu.”

Inna ta ɗan motsa baki, ta karɓi ludayin, ta riƙe har Hajiya ta gaji ta karɓe abinta. A tsakar gida Hajiya ta rage murya ta ce, “Ramatu, wanga ciwo ba na asibiti ba ne. Iskar daji ce ta biyo ta. Akwai malami a Bungudu, ruƙiyya yake yi, ba ya haɗawa da komai.” Baffa Jauro kuma ya bugo waya ya ce sammu ne, ya aiko da sassaƙe a ɗaure cikin leda. Muka jiƙa, ba ta sha ba.

Mako na bakwai Malam Lawali ya ɗauki shatar mota muka nufi Bungudu. Da ƙyar muka sa Inna a ciki. A hanya akwai shingen bincike. Jami'in da ya leƙo bai yi mana komai ba, cewa kawai ya yi, “Ina zuwa?” Kafin Malam Lawali ya amsa, Inna ta zame daga kujera ta cusa kanta tsakanin ƙafafunmu. Sai na ji ɗumi a ƙafata. Mahaifiyata, wadda ko tari ba ta yi a gaban surukinta, ta saki fitsari. Jami'in ya ja da baya yana cewa, “Subhanallahi, ku wuce, ku wuce, Allah Ya ba ta lafiya.” Na cire mayafina na lulluɓe ta. Malam Lawali bai waiwayo ba har muka isa, kuma har yau bai taɓa tada maganar ba. Wannan ina gode masa.

Malamin ya yi karatu mai tsawo. Babu abin da ya yi magana, babu abin da ya motsa. Ya rufe littafinsa ya ce, “Ni dai ban ga aljani a nan ba. Tsohuwar ga baƙin ciki gare ta. Wa ya rasu?”

Malam Lawali ya dube ni. Zauren cike yake da masu jiran layi. Na ce, “Wani ɗan'uwa ne, Malam. An daɗe.”

Ya ce, “Allah Ya jiƙansa. Ku koma asibiti, kuma ku faɗa musu abin da ba ku faɗa mini ba.” Ya ƙi karɓar sadakar da muka miƙa.

Ba mu koma ba sai da ta faɗi. A mako na goma sha ɗaya na same ta kwance a bayan gida, buta a gefenta. Aka ba ta gado, aka sa mata ƙarin ruwa. Ma'aikaciyar jinya ta soka allura sau huɗu kafin ta samu jijiya, tana faɗa tana cewa wane irin mutane ne ku, sai kun ga mutuwa kuke kawo mutum. Gaskiya ta faɗa.

A ɗakin akwai wata mai goge-goge, ana ce mata Hawwa. Kwana biyu tana wuce gadonmu da bokitinta, ban ɗauka tana jin Fillanci ba. Rana ta uku likitoci suka zo zagaye, aka tambayi Inna yadda ta kwana, ta ce, “An sauke wancan, ni na wuce.” Na ce ta ce kanta na juyawa. Da suka fita na je famfo wanke kwano, sai ga Hawwa a bayana. Da Fillanci ta yi mini magana.

“Ba abin da Goggo ta ce ke nan ba.”

Kwanon ya kusa kuɓuce mini. Na ce, “Adda, ke ma tamu ce?”

Ta ce, “Shekara shida ina aiki a nan, ba kowa ya sani ba, kuma ba na so a sani. Amma ba zan tsaya ina goge ƙasa ana kashe tsohuwa da fassara ba.”

Ita ce ta je ta kira Madam Rifkatu, jami'ar walwalar marasa lafiya. Ban ma san akwai irin wannan ofishi a asibiti ba, babu wanda ya taɓa nuna mana. Madam Rifkatu Kirista ce daga wajen Zuru, Hausa a bakinta kamar tamu. Ta ja labule, ta zauna a bakin gadon, ta ce Adda Hawwa ta ajiye bokiti ta zauna ita ma. Sannan ta ce da ni, “Ɗiyata, je ki sha iska. Yau ki huta da fassara.”

Na fi awa ɗaya a ƙarƙashin wata bishiyar dalbejiya. Da na dawo Inna na barci, barcin da rabona da ganin irinsa tun a ruga. Idon Adda Hawwa ya yi ja, ta ɗauki bokitinta ta wuce ba ta dube ni ba.

Na zaci Madam Rifkatu za ta yi mini faɗa. Ba ta yi ba. Ta ce, “Na san abin da ke sa mutum ya haɗiye magana. Ni ma akwai layin da nake shiga in kama bakina. Amma likita ba ya maganin abin da ba a faɗa masa ba.” Ta ce za ta gaya wa likitoci cewa an kashe ɗan Inna kuma tana cikin motar, don wannan dole su sani. “Akwai sauran magana, ita kuma amana ce, mamanki ta ce kar mu faɗa. Ki tambaye ta ranar motar nan. Da bakinki, ke da ita. Kar ki daɗe.”

Aka ce likitan ƙwaƙwalwa ne zai duba ta. Rana ɗaya yake zama a mako, kuma a wannan makon bai zo ba, aka ce ya yi tafiya. Kwana tara muka jira. Da ya zo, Adda Hawwa ce ta yi fassara. Maganarsa na nan a kunnena: “Ciwon damuwa ne mai tsanani, firgita ce ta haifar da shi. Yana da magani. Sai dai maganin yana son makonni kafin ya kama, jikinta kuwa ba shi da makonni da yawa.” Ya ce da an kawo ta tun watan farko, da da ƙafarta za ta koma gida.

Ya ba da shawarar a kai ta Sakkwato inda za a kwantar da ita a kula da ita sosai. Malam Lawali ya ce, “Asibitin mahaukata? Ramatu, muna da 'ya'ya mata, gobe za a zo neman aurensu.” Na ji haushinsa, amma ni ma ban ga yadda za mu sake sa Inna a mota ta yi wannan doguwar tafiya ba. Muka zauna. Maganin babu shi a ɗakin magani na asibitin, sai a kanti na huɗu Malam Lawali ya samo.

Ina da ƙorafi, kuma zan faɗe shi. Asibitin da Fulani ke cika bencinsa kullum, a ce babu mai fassara sai mai goge ƙasa da ke ɓoye harshenta. Likita ya yi maka tambayar sirri ƙofa a buɗe. Ofishin da zai taimake ka yana can ƙarshen baranda, sai ka yi sa'a wani ya nuna maka. Amma ƙorafina a kaina ya fi duk waɗannan. Wanda duk yake fassara wa mahaifiyarsa, ya faɗi abin da ta ce yadda ta ce shi. In ba zai iya ba, ya tashi ya nemo wanda zai iya. Kuma in tsoho ya ga abin firgita bai yi kuka ba, kada a tsaya yabon haƙurinsa, a duba kwanonsa.

Aka sallame mu muka dawo gida. A mako na biyu da fara maganin Inna ta ɗan farfaɗo. Tana barci. Ta sha fura rabin kofi. Wata rana ta kira ƙaramar ɗiyata ta duba kanta, ta ce wa ya yi mata wannan kitso kamar an yi da ƙafa. Muka yi dariya har da Hajiya Yalwa, wadda ta ce, “Alhamdu lillahi, Bafulatana ta dawo, ta fara raina aikin Hausawa.”

Kullum ina cewa yau zan tambaye ta, kullum ina cewa bari ta ƙara ƙarfi. Ban san ta inda ɗiya take fara yi wa uwarta maganar ɗan fari ba, ban taɓa ganin an yi ba. Wata rana da hantsi, yara sun tafi makaranta, ina shafa mata mai a ƙafa, na daure na ce, “Inna, ranar kasuwar nan…”

Ta ɗago ta dube ni cikin ido. Inna ba ta kallon mutum cikin ido. Ta ajiye carbinta, tana jira.

Sai aka yi sallama a tsakar gida, maƙwabciya ce ta zo aron rariya. Da na ce ta dawo an jima, da ta dawo. Na tashi na fita. Na tsaya muka yi hirar tsadar gero. Kuma a zuciyata, Allah Ya gafarta mini, daɗi na ji da aka katse ni. Da na koma ɗaki ta juya ga bango.

Kwana biyu bayan haka tari ya kama ta da zazzaɓi. Muka koma asibiti, aka ce sanyi ya shiga huhunta, jikin kuma ba shi da abin da zai yi faɗa da shi. Kwana uku ta yi, numfashi ya fi ƙarfin magana. Ta cika ranar Talata bayan azahar, hannunta cikin nawa.

Bayan sadakar bakwai na koma asibiti na nemi Adda Hawwa. Na same ta tana wanke tsumma a famfon nan. Ta yi mini gaisuwa. Na ce ta faɗa mini abin da Inna ta ce. Ta matse tsumman ta ajiye.

Ta ce da aka sauke Hamma, ɗaya daga cikin mutanen ya leƙo cikin motar ya ce, “Akwai wanda ya san wannan? In akwai mai shaidarsa ya yi magana.” Hamma na tsaye a bakin hanya, kansa a ƙasa, yadda ya saba tsayawa in tana wurin. Inna ta buɗe baki. Ba ta taɓa cewa “ɗana ne” ba tun da ta haife shi, kuma maganar ta ƙi fita. Mutumin ya buga jikin motar, direba ya ja.

“Ta ce har yau ba ta sani ba, tsoro ne ya riƙe bakinta ko kunya. Na ce mata, Goggo, wallahi ko kin yi magana ba za su sake shi ba, sai dai su haɗa da ke. Madam ma ta faɗa mata haka. Ta ce mu baƙi ne, dole mu ce haka. Ta ce ƙanwarsa ce kaɗai ta rage da za ta ce ta yafe ko ba ta yafe ba.”

Na zauna a kan dakalin famfon. Ruwa na zuba, babu wadda ta rufe.

Adda Hawwa ta ce, “Da ta faɗa miki, me za ki ce mata?”

Na ce, “Zan ce Inna ba ki da laifi. Zan ce babu abin yafewa.”

Ta ce, “Shi ke nan abin da take jira.” Ta rufe famfon, ta ɗauki bokitinta, don an fara kiranta daga ɗakin mata.

Kusan wata guda na yi a gefen Inna bayan ranar da aka ce in tambaye ta, ina ba ta kunu da cokali, ina juya ta, ina wanke ta. Duk na yi waɗannan. Wanda ya karanta ya roƙa mata rahama, ita da ɗanta, ni kuma ya roƙa mini gafara.